Filin Tambaya da Amsa: Bibiyar Opera Daga Nesa

Wasiƙun wannan watan sun karkata ga opera, wato wasan kwaikwayon nan da ake rera dukan zantukansa ko akasarinsu da waƙa tare da babbar ƙungiyar makaɗa, wanda ya samo asali a Italiya wajajen shekarar 1600. Mun zaɓi biyar daga cikinsu, mun taƙaita tambayoyin domin wuri ya isa.

TAMBAYA: Na ci karo da wani ɗan guntun bidiyo a Facebook na Luciano Pavarotti yana rera wata waƙa mai suna Nessun dorma, kuma tun daga ranar take yawo a kaina. A ina zan iya kallon irin wannan a cike, alhali ni ɗalibi ne ba mai kuɗi ba? Daga wani ɗalibi a Zariya.

AMSA: Ɗan'uwa, ta ƙofar da ka shigo miliyoyin mutane suka shigo kafin kai. Wannan waƙa ta bazu ne a 1990, lokacin da BBC ta ɗauke ta a matsayin taken shirye-shiryenta na gasar cin kofin duniya da aka yi a Italiya, sannan a ranar 7 ga Yulin shekarar Pavarotti da Plácido Domingo da José Carreras suka haɗu a birnin Roma suka yi wani wasa da aka watsa ta talabijin zuwa ƙasashe da dama. Amma ina so ka san cewa abin da ka ji bai wuce minti uku ba daga cikin wasan da ke ɗaukar kusan awa biyu, wato Turandot na Giacomo Puccini, wanda aka fara nunawa a Milan a 1926, shekara biyu bayan mutuwar mai shi. A cikin labarin, gimbiyar ƙasar Sin ta hana kowa barci a daren har sai an gano sunan baƙon da ya warware kacici-kacicinta, kuma mutanen gari suna cikin fargabar kisa. Jim kaɗan bayan baƙon ya gama rera waƙar nasararsa, sai a kamo wata baiwa da ta san sunan nasa, a azabtar da ita, ta gwammace ta kashe kanta da ta tona masa asiri. Wanda ya tsaya ga guntun bidiyo murya mai ƙarfi kawai ya ji, bai ga abin da wannan nasarar ta ci ba. Shi ya sa nake yawan jan hankalin masu karatu da kada su mayar da guntaye abincinsu na kullum, domin suna koya wa kunne jiran wurin da mawaƙi zai ɗaga murya sama, su kuma hana shi haƙurin bin labari.

Game da inda za ka kalla kyauta, wuri na farko da zan tura ka shi ne OperaVision. Tun 2017 yake aiki, da tallafin Tarayyar Turai, kuma gidajen opera da dama, akasarinsu na nahiyar Turai, suna ba shi wasanninsu a cike. Yana da shafinsa na intanet da kuma tasha a YouTube, ba a biyan ko sisi, ana ɗora sababbin wasanni a kai a kai, kowanne ya zauna watanni kafin a sauke shi. Babban gidan opera na Viyana, babban birnin Ostiriya, shi ma yakan watsa wasu wasanninsa kyauta ga wanda ya yi rajista.

Na biyu, wanda kuma na fi ƙauna, shi ne rediyo. Gidan Metropolitan Opera na New York ya fara watsa wasa a cike ta rediyo ranar 25 ga Disamban 1931, kuma har yau yana watsa wasansa na ranar Asabar kai tsaye, daga watan Disamba zuwa ƙarshen kakar wasanninsa a tsakiyar shekara. Kamfanin mai na Texaco ne ya ɗauki nauyin shirin daga 1940 har 2004. Ana iya kama shi ta intanet a tashar WQXR ta New York ba tare da biya ba. Yawanci ana farawa da ƙarfe 1 na rana agogon can, wanda ya yi daidai da ƙarfe 7 na yamma agogon Najeriya da Nijar a lokacin hunturu, ya koma ƙarfe 6 bayan Amurka ta sauya agogonta a watan Maris. Sauti kaɗai ba ya cin data kamar hoto, kuma ga ɗalibi wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, tunda bidiyo mai tsananin kyawun hoto yakan lashe fiye da gigabait ɗaya a awa guda. Idan bidiyon za ka kalla, ka rage ingancin hoton, ka nemi abin sauraro na kunne mai kyau, domin lasifikar waya tana yanke ƙasan sauti ta bar ka da rabin kiɗan.

Akwai kuma na kuɗi, irin su Met Opera on Demand da medici.tv, masu tarin tsofaffin wasanni, sai dai ban ga dalilin da zai sa mai farawa ya biya ba tun bai cinye na kyauta ba. Ka kuma riƙe ranar 7 ga Disamba, wadda a cikinta gidan La Scala na Milan yake buɗe kakarsa kowace shekara, tashar RAI ta Italiya ta watsa shi kai tsaye, kuma a wannan watan agogonmu da nasu ɗaya ne.

TAMBAYA: Ina jin Faransanci, amma ba na jin Italiyanci ko Jamusanci. Ta yaya mutum zai ji daɗin abin da bai fahimci kalmominsa ba? Kuma da wanne ya kamata in fara, wanda zan iya kallo tare da 'ya'yana? Daga wata malamar makaranta a Maraɗi.

AMSA: Malama, mutanenmu sun shafe shekaru suna cika gidajen sinima na Kano da Jos domin finafinan Indiya tun kafin a fara fassara su, suna bin labari daga fuska da murya da yanayin kiɗa, har su haddace waƙoƙi a harshen da ba su ji. Kunnen da ya iya wancan zai iya wannan. Ban da haka ma, matsalar harshe ta ragu ƙwarai tun 1983, lokacin da wani gidan opera na Toronto a Kanada ya fara haska fassara a saman dandamali, yanzu kuma kusan duk wasan da aka watsa yana zuwa da fassara a ƙasan allo. OperaVision yana ba da ita da Ingilishi da Faransanci da Jamusanci, sannan tashar ARTE ta Faransa da Jamus tana da wasanni da yawa, ko da yake wasu ba sa buɗewa a wajen Turai. Ke da kike jin Faransanci kina da wata garaɓasa, domin akwai manyan wasanni da aka rubuta da shi, kamar Carmen na Georges Bizet, wanda aka fara nunawa a Paris a 1875.

Shawarata ita ce ki karanta taƙaitaccen labarin tun kafin ki kunna, har da ƙarshensa. Sanin ƙarshen ba ya ɓata komai a opera, domin masu zama a zauren ma yawancinsu sun san shi. Abin da ake zuwa ji shi ne yadda za a kai can, kuma idan kin riga kin san abin da ke faruwa, idonki zai huta daga bin rubutu, kunnenki ya samu sarari.

Da ni ce a matsayin mai farawa, da La traviata na Giuseppe Verdi, na 1853, zan fara, saboda zuciyar labarin abu ne da duk Bahaushe zai gane. Violetta mace ce mai zaman kanta a Paris wadda ta bar tsohuwar rayuwarta saboda wani saurayi ɗan mutunci. A kashi na biyu mahaifin saurayin ya zo ya same ta ita kaɗai, ya roƙe ta ta rabu da ɗansa, domin dangin wanda zai auri 'yarsa suna shirin fasawa saboda abin kunyar. Kusan minti ashirin suna magana su biyu. Ki saurari yadda dattijon ya shigo da kaushi, yadda ita ta fara da gardama, numfashinta yana yankewa gaɓa-gaɓa, sannan a inda ta sallama muryarta ta sauka ƙasa ƙwarai, ta ce ya gaya wa 'yar tasa cewa wata ta sadaukar da kanta dominta. A wannan wurin makaɗa kusan shiru suke yi. Ko babu fassara, duk mai sauraro zai san cewa an karya wani abu a cikin matar.

Batun yara kuwa yana buƙatar lura, kuma gara in faɗa miki a fili. Wasa ɗaya yana iya zuwa da shiga ta kamala a wani gidan, ya zo da tsiraici ko zubar da jini a wani, domin masu tsara dandamali na zamani, musamman a Jamus, suna da 'yancin sauya kaya da zamani da wuri yadda suka ga dama. Ki fara leƙa wasan ke kaɗai kafin ki tara su. Sarewar Tsafi ta Mozart, ta 1791, tana cikin waɗanda aka fi nuna wa yara, kuma da ita gidan Metropolitan ya buɗe shirinsa na haska wasanni kai tsaye a gidajen sinima ranar 30 ga Disamban 2006.

TAMBAYA: Na yi aikin injiniyan sauti a gidan rediyo har na yi ritaya. An ce mawaƙan opera ba sa amfani da makirufo. To, abin da muke ji a rediyo muryarsu ce ta gaskiya, ko aikin hannun irinmu ne? Daga wani dattijo a Kaduna.

AMSA: Baba, duka biyun ne, kuma kai ka fi ni sanin rabin amsar. Gaskiya ne cewa a manyan gidajen opera ba a ƙara wa mawaƙi murya da na'ura domin mutanen da ke zaune a zauren. Zauren Metropolitan yana ɗaukar mutum kusan 3,800, tsakanin mawaƙi da su kuma akwai ramin makaɗa mai mutum sittin zuwa ɗari, amma dole muryarsa ta kai kujerar ƙarshe. Ba da ihu ake yin wannan ba. Horon shekaru yana koya wa mawaƙi, musamman namiji, yadda zai saita maƙogwaro da baki har muryarsa ta tara ƙarfi a wajajen karkarwar sauti 3,000 a daƙiƙa, inda sautin makaɗa ya riga ya yi rauni, kuma inda kunnen ɗan Adam ya fi kaifi. Ta wannan tagar muryar take ratsa kiɗan.

Domin watsawa kuwa sai an jera makirufo a bakin dandamali da cikin ramin makaɗa, wani lokaci a ɓoye ƙanana a jikin mawaƙa, sannan injiniya ya haɗa su. A nan ne abu ɗaya yake ɓacewa, wato girman murya. A rediyo, mawaƙiya mai siririyar murya da mai muryar da ke cika zaure suna iya fitowa kusan daidai, shi ya sa akan samu wanda ya yi suna a faifai amma ya ba mutane mamaki da ƙanƙantar muryarsa a fili. Wannan hasara ce ta gaske, ba zan rage ta ba. Sai dai launin murya da tsawon numfashi da tsabtar furuci da daidaiton sauti duk suna isowa, kuma su ne mafi yawan abin da ake auna mawaƙi da shi. Saboda haka nake fifita wasan da aka watsa kai tsaye a kan wanda aka naɗa a ɗakin ɗaukar sauti, domin na kai tsaye ba shi da damar a yanke a sake, kana jin takun ƙafa a kan katako, da tarin wani a cikin jama'a, da kuma gajiyar da ke shiga murya a kashi na uku.

Zai yi maka daɗi ka ji cewa sana'arka da opera tare suka taso. A 1881, a baje-kolin lantarki na Paris, Clément Ader ya jawo wayoyin tarho daga gidan opera, mutane suka saurara da kan tarho biyu, ɗaya a kowane kunne. A 1902 Enrico Caruso ya naɗa faifansa na farko a Milan, kuma cinikin faifansa yana daga cikin abin da ya shigar da garmaho gidajen mutane. A Janairun 1910 Lee de Forest ya gwada watsa muryar Caruso ta iska daga dandamalin Metropolitan, ko da yake kaɗan ne suka kama, cikin ƙara da shashshaka.

Kyamara kuma tana ba da abin da mai kujerar baya ba ya samu. Ka nemi hoton kashi na biyu na Tosca, wasan Puccini, da aka ɗauka a gidan opera na Covent Garden a Landan a 1964, baƙi da fari, tare da Maria Callas da Tito Gobbi. A lokacin muryar Callas ta riga ta fara gajiya, amma ka dubi inda ta ɗauki kofi a kan tebur hannunta yana rawa, idonta ya faɗa kan wuƙa, ta daskare na ɗan lokaci kafin ta kai hannu. A fuskarta kaɗai za ka ga lokacin da shawarar kashe azzalumin da ke gabanta ta shige ta.

TAMBAYA: Duk waɗanda nake gani Turawa ne. Shin akwai baƙaƙen fata ko 'yan Afirka a wannan fage, ko kuwa abin nasu ne su kaɗai? Daga wata ɗaliba a Kumasi.

AMSA: 'Yar'uwa, akwai su, kuma wasunsu suna sahun farko. Sai dai ba a buɗe musu ƙofa da wuri ba. Gidan Metropolitan, wanda aka buɗe a 1883, bai ba baƙar fata babban matsayi a wasa ba sai a Janairun 1955, lokacin da Marian Anderson ta hau dandamalinsa tana da shekara 57, bayan mafi kyawun shekarun muryarta sun wuce. Bayanta Leontyne Price ta zo a 1961, ta zama ɗaya daga cikin manyan masu rera ayyukan Verdi a ƙarnin, kuma wasanta na bankwana, Aida a 1985, an watsa shi ta talabijin. Ki neme shi, ki ga yadda jama'a suka tsayar da wasan da tafi na mintoci, ita kuwa ta tsaya cik tana ƙoƙarin kada ta fita daga matsayin da take takawa. Jessye Norman, wadda ta rasu a 2019, ita Faransa ta zaɓa ta rera taken ƙasar a bikin cika shekara 200 da juyin juya hali a 1989.

A nahiyarmu, Afirka ta Kudu ce kan gaba, kuma dalilin yana da alaƙa da al'adar waƙar rukuni da ta yi ƙarfi a makarantu da majami'unsu, da kuma makarantar opera ta Jami'ar Cape Town. Labarin Pretty Yende ya dace da wannan filin fiye da kowanne. An haife ta a 1985 a ƙaramin garin Piet Retief, kuma tana da shekara 16 ta ji wasu mata biyu suna rera waƙar opera a tallan kamfanin jiragen British Airways a talabijin, ba ta ma san sunan abin ba. A 2011 ta lashe gasar Operalia, a 2013 ta hau dandamalin Metropolitan, a watan Mayun 2023 kuma ta yi waƙa a bikin naɗin Sarki Charles na Uku a Landan. Daƙiƙu kaɗan na talla ne suka kai ta ga neman cikakken abin, wanda shi ne amfanin da nake fata guntaye su yi wa kowa. Ki ƙara da Golda Schultz da Levy Sekgapane da Masabane Cecilia Rangwanasha daga ƙasar, da Fatma Said daga Masar, da Omo Bello, haifaffiyar Legas da ta yi karatun waƙa a Paris. Masar ma tana da tsohuwar alaƙa da fagen, tunda a Alƙahira aka fara nuna Aida a Disamban 1871.

Akwai kuma ayyukan da labarinsu ya taɓo yankinmu. A 2007 aka nuna Bintou Wéré a Bamako, opera ce kan matasan Sahel masu ƙetare hamada domin zuwa Turai, kuma marubuci ɗan Chadi Koulsy Lamko yana cikin waɗanda suka rubuta ta. A 2022 kuma aka fara nuna Omar a Amurka, aikin Rhiannon Giddens da Michael Abels, kan rayuwar Umar ibn Sa'id, malami Bafulatani daga Futa Toro da aka kama aka sayar da shi bawa a Amurka, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa da Larabci a 1831. Aikin ya samu kyautar Pulitzer a 2023.

TAMBAYA: Wane ne mawaƙin opera mafi girma, kuma ta yaya zan san sababbin da ke tasowa? Daga wani mai karatu a Garwa.

AMSA: Malam, kashin farko na tambayarka ba shi da amsa guda, domin muryoyin iri-iri ne kuma ba a gwada su da juna. A mata akwai soprano mai tashi sama, da mezzo ta tsakiya, da kwantiralto mai zurfi. A maza akwai tena, irin Pavarotti, da bariton, da bas mai kauri. Kowace murya da ayyukan da aka rubuta mata, kuma wanda ya ƙware a Mozart ba lallai ne ya iya ɗaukar Wagner ba, wanda babban aikinsa yake cin dare huɗu, kusan awa goma sha biyar.

Abin da zai amfane ka shi ne ka zaɓi wuri ɗaya a wasan da ka riga ka kalla a cike, ka saurare shi daga bakin mawaƙa uku. Ka ɗauki addu'ar Tosca a kashi na biyu, ka ji Callas, ka ji Leontyne Price, ka ji Renata Tebaldi. Ka lura da inda kowacce take jan numfashi, da kalmar da take dannawa, da yadda take sauke murya a ƙarshe. A nawa kunnen Tebaldi da Price sun fi daɗin sauti, Callas kuwa ta fi sa ni yarda cewa matar tana cikin tashin hankali, kuma ita nake komawa gare ta. Kai ma bayan sauraro biyu ko uku za ka samu naka zaɓin, tare da dalilin da za ka iya faɗa.

Sababbi kuma a gasa ake fara ganinsu. Gasar BBC ta birnin Cardiff, wadda aka fara a 1983, ita ce ta fito da Dmitri Hvorostovsky da Bryn Terfel a shekara guda, 1989, kuma a cikinta Rangwanasha ta ci kyautar waƙa a 2021. Operalia, wadda Domingo ya kafa a 1993, kowace shekara take sauya birni, ana kuma watsa zagayenta na ƙarshe ta intanet. Ka rubuta sunaye biyu ko uku da suka burge ka a zagayen ƙarshe, sannan ka riƙa duba jerin mawaƙan da OperaVision da shirin Asabar na Metropolitan suke sanarwa kafin kowane wasa, domin a nan za ka ga wanda ya fara samun manyan matsayi.